Binciken Mota a Bakin Titi a Amurka: Yadda Ake Sa Kotu Ta Yi Watsi da Abin da Aka Gano

Direban da ya taso a Kano ko Kaduna ya saba da cewa idan ɗan sanda ya ce a buɗe but, buɗewa ake yi, abin da aka gani kuma an gani. Kotunan Najeriya ma can suka fi karkata: sashe na 14 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce hujjar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba karɓaɓɓiya ce, sai in alƙali ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. A Amurka lissafin daban ne. Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana bincike da kamun da ba su da dalili, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Mapp a 1961, kotunan jihohi ma ba su da izinin amfani da abin da aka samo ta hanyar keta wannan haƙƙi. Ko bindiga ce ko hodar iblis aka zaro daga ƙarƙashin kujera a gaban kyamara, alƙali na iya cewa 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi, ba za su taɓa jin labarinta ba.

Sai dai ba haka kawai ake samun wannan ba. Roƙa ake yi, a rubuce, cikin wa'adi, kuma yawancin masu roƙon ba sa yin nasara. Waɗanda ke yi su ne waɗanda suka yayyanka tsayuwar gunduwa-gunduwa, suka tambayi dalilin kowane mataki da mintin da aka ɗauke shi.

Ma'auni biyu, kada a haɗa su

Don tsayar da mota, abin da ɗan sanda ke buƙata shi ne zato mai tushe: wani abu takamaimai da zai iya faɗa da baki, kamar gudu fiye da kima, fitilar birki da ta mutu, ko canza layi ba sigina. Don bincika cikin motar kuwa, sai da ƙwaƙƙwaran dalili, wato abin da zai sa mai hankali ya ce akwai kyakkyawar yiwuwar samun kayan laifi a wannan wurin. Shari'ar Gates ta 1983 ce ta tsayar da wannan ma'auni, kuma kotu ba ta sa masa adadi ba. Duk abubuwan da ke gaban ɗan sandan a lokacin ake haɗawa a auna. Abin da ya fito bayan an buɗe ba ya cikin awon.

Idan gida ne, sai an je wa alƙali da wannan dalili ya sa hannu a kan takardar izinin bincike. Mota ba ta da wannan gata tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1925: a zamanin da aka hana giya a Amurka, jami'ai sun tsayar da George Carroll a kan hanyar Detroit, suka farke kujerar motarsa suka ciro kwalabe. Kotu ta ce mota tafiya take yi, kafin a dawo da takarda ta yi nisa. Saboda haka ɗan sanda ne ke yanke hukunci a bakin titi, alƙali kuma ya duba daga baya.

A bakin titi

Rabin shari'ar a nan ake cinta ko a zubar da ita, cikin minti goma na farko. Ka sauka gefen hanya, ka kashe mota, ka kunna fitilar ciki in dare ne, ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari. Lasisi, takardar rajistar mota da ta inshora dole ne ka miƙa. Kafin ka kai hannu ga akwatin dashbod ka faɗa cewa can za ka ɗauko su. In aka ce ka fito, ka fito: shari'ar Mimms ta 1977 ta ba ɗan sanda wannan iko a kan direba, ta Wilson a 1997 ta haɗa har da fasinja.

Abin da ba dole ba shi ne amsa tambayoyin daga ina, zuwa ina, me ke cikin jakar nan, da kuma yarda a bincika. A nan ne ladabinmu ke cutar da mu. Mutumin da aka tarbiyyantar da cewa ba a musu da hukuma, sai ya gyaɗa kai ya ce to, yana nufin ya ji, a rahoton ɗan sanda kuwa a rubuta cewa ya ba da izini. Tambayar ma a karkace take zuwa: ba ka damu in ɗan duba ba ko? Ka ce e, an ce ka yarda. Ka ce a'a, an ce ka ce ba ka damu ba. Maganinta cikakkiyar jimla da Turanci, da murya mai fita yadda kyamarar ƙirjinsa za ta ɗauka, cewa ba ka amince a bincika motarka ba. Sau ɗaya ya isa. In ya ci gaba duk da haka, kada ka tare ƙofa, kada ka taɓa shi, kada ka ɗaga murya. Da zarar ya miƙo maka takardunka da tikitin tara, ka tambaya ko kana iya tafiya. In ya ce e, ka tafi, don duk hirar da ta biyo baya kotu na ɗaukarta a matsayin hirar da ka zaɓi tsayawa ka yi. Shari'ar Robinette ta 1996 ta ce ba wajibi ne ya sanar da kai cewa an sallame ka ba.

Da ka samu natsuwa, a ranar, ka rubuta komai don lauyanka kaɗai: ƙarfe nawa, wane titi, motocin 'yan sanda nawa, wa ya fara magana, yaushe kare ya iso, wace ƙofa aka fara buɗewa.

Gaɓa ta farko: tsayarwar kanta

Idan tsayarwar ba ta da tushe, duk abin da ya biyo bayanta ya gurɓata. Wannan ita ce ƙa'idar da shari'ar Wong Sun ta 1963 ta ƙarfafa, wadda lauyoyi ke kwatantawa da 'ya'yan itaciya mai guba. Amma a san inda ƙofar ta rufe. Tun shari'ar Whren a 1996, abin da ke zuciyar ɗan sanda ba ya cikin lissafi: in da gaske ka karya dokar hanya komai ƙanƙantarta, tsayarwar ta halatta ko da ainihin abin da yake nema daban ne. Shari'ar Heien ta 2014 ta ƙara da cewa ko ya yi kuskuren fahimtar dokar, in kuskuren mai ma'ana ne, an yafe masa. A can fitilar birki ɗaya ce ta mutu, dokar jihar kuwa ɗaya tak ta wajabta.

Don haka gardamar cewa don launin fatarka aka tsayar da kai, ko da gaskiya ce, ba ta cin buƙatar watsi da hujja a ƙarƙashin gyara na huɗu. Abin da ke ci shi ne bidiyo ya nuna tayarka ba ta taɓa layi ba, ko ainihin kalmomin dokar jihar su nuna ƙarara cewa abin da ka yi ba laifi ba ne. Lauya ya ɗauko sashen da aka rubuta a kan tikiti, ya karanta shi kalma-kalma.

Gaɓa ta biyu: agogo

Nan ne aka fi samun sa'a, kuma nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci.

Wata rana a 2012, da ƙarfe 12:06 na dare, wani ɗan sanda a jihar Nebraska ya tsayar da Dennys Rodriguez saboda motarsa ta ɗan sauka kafaɗar titi. Ya duba lasisinsa da na fasinjansa a kwamfuta, ya rubuta takardar gargaɗi, ya miƙa masa da misalin 12:27 ko 12:28. Sannan ya nemi izinin zagaya motar da karensa. Rodriguez ya ƙi. Ɗan sandan ya sa shi ya fito ya jira, wani jami'in ya iso 12:33, kare ya zagaya, a zagaye na biyu ya nuna alama, aka sami ƙwaya. Minti bakwai ko takwas ne tsakanin miƙa takardar da alamar karen. A 2015 Kotun Ƙoli ta ce waɗannan mintoci tsarewa ce ba bisa ƙa'ida ba, muddin babu wani sabon zato mai tushe. Ikon tsayarwa yana ƙarewa ne lokacin da aikin da ya jawo ta ya ƙare, ko lokacin da ya kamata a ce ya ƙare.

Aikin da kotu ta yarda da shi kaɗan ne: duba lasisi, rajista, inshora, bincika ko ana neman direba da sammacin kamu, rubuta tikiti, da matakan kare lafiyar ɗan sandan. Shinshinar kare ba ta ciki. Shari'ar Caballes ta 2005 ta halatta shinshinar ne kawai in ba ta ƙara wa tsayuwar lokaci ba, misali wani jami'i na zagayawa da kare yayin da na farko ke kan rubutu.

Ga yadda ake aikin. Lauya ya zana tebur mai layi uku a takarda: lokaci har da daƙiƙa, abin da ɗan sanda ke yi, da ko wannan abu na cikin aikin tsayarwar. Ana cike shi daga tushe huɗu da ake gwama su da juna: kyamarar gaban motar 'yan sanda, kyamarar ƙirji, rajistar ofishin da ke karɓar kiran rediyo, da lokacin da kwamfutar motar ta aika tambaya ta kuma sami amsa. Abin da ake farauta shi ne giɓi. Amsar kwamfuta ta dawo da 9:14 cewa komai lafiya, amma bai fara rubuta tikiti ba sai 9:26. Me ya yi a minti goma sha biyun? In bidiyo ya nuna shi zaune da biro a ajiye yana kiran mai kare a waya, ko ya koma taga yana tambayar fasinja inda suka kwana, to an sami abin riƙewa. A kula, agogon na'urorin nan ba su cika daidaita ba. Sai a nemi abu ɗaya da ya fito a cikinsu duka, kamar ƙarar rufe ƙofa ko wata kalma a rediyo, a daidaita sauran a kansa, in ba haka ba mai gabatar da ƙara zai rushe teburin da tambaya ɗaya.

Amsar da gwamnati ke bayarwa kusan kullum ɗaya ce: kafin lokacin ya ƙare, ɗan sanda ya riga ya sami sabon zato. Sai a jero rawar hannu, gumi, turaren mota da yawa, wayoyi biyu, motar haya, labarin direba da na fasinja sun saɓa. Kotuna da dama sun ce fargaba ita kaɗai ba ta da nauyi, don kowa na jin ta in fitila ja da shuɗiya na walƙiya a bayansa. Amma alƙali haɗa su yake yi ya auna, ba ɗaya-ɗaya ba. Aikin lauya shi ne ya nuna wanne ɗan sandan ya sani kafin mintin da ya kauce daga aikinsa, wanne kuma sai daga baya ya ji.

Gaɓa ta uku: ta wace ƙofa ya shiga?

Binciken da ba shi da takardar alƙali, nauyin halatta shi yana wuyan gwamnati, da hujja mai rinjaye. Dole ta nuna ƙofar da jami'inta ya bi, kuma kowace ƙofa da iyakarta.

In amincewa ce, sai ta zama da son rai. Shari'ar Bustamonte ta 1973 ta ce ba sai an gaya wa mutum yana da damar ƙi ba, amma ana duba yawan jami'an da suka kewaye shi, ko takardunsa na hannunsu, ko an yi masa barazana, da kuma yadda yake jin Turanci. Amincewa da duba mota gaba ɗaya ta haɗa da buɗe leda ko jakar takarda da ke ƙasa, kamar yadda shari'ar Jimeno ta 1991 ta nuna, amma ba ta kai ga ɓalle akwati mai kwaɗo ko kwance ƙofa da sukudireba ba. Ana iya janye ta a tsakiyar bincike.

In ƙwaƙƙwaran dalili ne, ikon na da faɗi: shari'ar Ross ta 1982 ta ba da damar duba ko'ina da abin da ake nema zai iya ɓuya, har but, ta Houghton a 1999 ta haɗa da jakar hannun fasinja. Iyakar ita ce girman abin; mai neman talabijin ɗin sata ba ya buɗe kwalbar magani. Waya kuwa ba ta cikin wannan lissafi, tun shari'ar Riley a 2014 sai da takardar alƙali ake duba abin da ke cikinta. Dalilan da aka fi kawowa uku ne: ya ga abu a fili ta taga, kare ya nuna alama, ko ya ji warin wiwi. Game da kare, shari'ar Harris ta 2013 ta ce takardar horo kan wadatar, amma ta bar wa wanda ake tuhuma damar ƙalubalanta, don haka a nemi kundin horon, a kuma kalli bidiyo a hankali a ga ko karen ya zauna da kansa ko mai riƙe da shi ne ya ja igiya ya bubbuga ƙofa.

Warin wiwi shi ne dalilin da ya fi sauƙin faɗa, ya fi wuyar ƙaryatawa, don kyamara ba ta da hanci. Dokarsa kuma yanzu ta rarrabu jiha-jiha. Dokar noma ta tarayya ta 2018 ta halatta nau'in tabar da sinadarinta mai sa maye bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, warinsu kuwa ɗaya ne. Jihar New York ta rubuta a dokarta ta 2021 cewa wari shi kaɗai ba dalilin bincike ba ne, ban da inda ake binciken tuƙi cikin maye. Kotun ƙolin Pensilbeniya ta faɗi makamancin haka a shekarar. A yawancin jihohin da wiwi ke haram har yanzu, wari ya isa. Shi ya sa lauya mai kyau ke kafa buƙatarsa a kan kundin tarayya da na jiha duka biyu, don wasu jihohin sun fi ba da kariya.

In kamu ne, shari'ar Gant ta 2009 ta taƙaita abin sosai. An kama Rodney Gant a Arizona da lasisin da aka dakatar, aka sa masa ankwa, aka kulle shi a bayan motar 'yan sanda, sannan aka sami hodar iblis a aljihun rigarsa a kujerar baya. Kotu ta yi watsi da ita: mutumin da ke kulle ba zai kai hannu ga makami ba, kuma ba a neman hujjar laifin lasisi a aljihun riga. Tikiti kawai ba tare da kamu ba, bai ba da ikon bincike ko kaɗan ba.

Sai lissafin kaya, wato in janwe zai ɗauke motar a rubuta abin da ke ciki. Halal ne in an bi rubutacciyar ƙa'idar rundunar. A nemi ƙa'idar da fom ɗin da aka cike. Fom ɗin da aka rubuta bindiga kaɗai, aka manta da kwamfuta da kuɗin da ke motar, shi da kansa yana shaida cewa ba lissafi aka je yi ba.

Wa ke da bakin magana?

Fasinja na iya ƙalubalantar tsayarwar da tsawonta, don shi ma an tsare shi, kamar yadda shari'ar Brendlin ta 2007 ta tabbatar. Amma binciken ƙarƙashin kujera ko akwatin dashbod na motar da ba tasa ba, shari'ar Rakas ta 1978 ta ce ba shi da ta cewa. Mai tuƙa motar haya da izinin wanda ya ɗauko ta yana da baki ko da sunansa ba ya kan takarda, bisa shari'ar Byrd ta 2018. Kada mutum ya ji tsoron faɗin cewa jakar tasa ce a zaman sauraron buƙatar. Shari'ar Simmons ta 1968 ta hana a ɗauki wannan furuci a kafa masa laifi da shi a babbar shari'a. Masu tuƙin tasi da Uber su lura: a shari'ar Pringle ta 2003 an sami ƙwaya a bayan madogarar hannu ta kujerar baya, mutum uku suka ce ba su san da ita ba, kotu ta ce akwai ƙwaƙƙwaran dalilin zargin kowannensu, don haka kama Pringle, fasinjan gaba, ya halatta.

Shigar da buƙatar

Abu na farko, tun a makon farko, wasiƙa ce zuwa ga rundunar da mai gabatar da ƙara cewa a adana duk bidiyo da sautin rediyo, don wasu rundunonin na goge su bayan 'yan watanni. Na biyu wa'adi. A kotun tarayya, ƙa'ida ta 12 ta tsarin shari'ar laifuka ta ce kafin fara shari'a ake shigarwa, cikin ranar da alƙali ya tsayar. Wanda ya makara sai da uzuri mai ƙarfi. A New York kwana 45 ne daga ranar gurfanarwa. A Kalifoniya sashe na 1538.5 na dokar laifuka ne ke tafiyar da abin. Takardar ta faɗi abin da ya faru dalla-dalla, ta ambaci haƙƙin da aka keta, ta kuma lissafa duk abin da ake so a cire: kayan, kalaman da aka yi bayan an gano su, da abin da aka samo daga baya saboda su. Takardar da ta ce an keta haƙƙi kawai ba tare da bayani ba, alƙali na iya korarta ba tare da ya zauna ba.

Zaman na alƙali ne shi kaɗai, babu juri, kuma ɗan sanda ne babban mai shaida. Dabarar tambaya ita ce a fara ɗaure shi da rahotonsa: an horar da kai ka rubuta duk abu mai muhimmanci? Ka rubuta wannan a daren? Akwai abin da ka bari? In ya ce babu, sai a tambaye shi a wane layi aka ambaci warin da yake faɗa yau. Bidiyo a ƙarshe ake kunna shi, bayan ya gama rantsuwa a kan abin da ya tuna.

Ko an nuna an keta haƙƙi, gwamnati na da sauran kibiya. Tana iya cewa ko ba wannan binciken za a gano kayan, misali a lissafin kaya, bisa shari'ar Nix ta 1984. Amsar ita ce a nuna ba dalilin jan motar, tunda ga fasinja mai lasisi a zaune. Tana iya cewa wani abu ya shiga tsakani ya yanke alaƙar, kamar tsohon sammacin kamu a shari'ar Strieff ta 2016. Ko ta ce jami'in ya bi hukuncin kotu da ke aiki a lokacin, bisa shari'ar Davis ta 2011. Wannan ta ƙarshe ce ta ci Rodriguez kansa: ya kafa wa kowa doka, amma da aka mayar da shari'arsa ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ta bar hujjar ta tsaya.

In alƙali ya amince da buƙatar, sau da yawa tuhumar kan mutu, ko da yake gwamnatin tarayya na da kwana 30 ta ɗaukaka ƙara, kuma in wanda ake tuhuma ya hau shaida ya yi ƙarya ana iya fito da hujjar a ƙaryata shi. In ya ƙi, kada a yi gaggawar amsa laifi haka kawai, don amsawar na kashe damar ɗaukaka ƙara. A kotun tarayya ƙa'ida ta 11 ta ba da damar amsa laifi da sharaɗin riƙe wannan batu, a rubuce, da yardar alƙali da mai gabatar da ƙara.

Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin, ya gaya wa lauyansa matsayin takardunsa tun zaman farko. Shari'ar Padilla ta 2010 ta wajabta wa lauya ya faɗa masa ko amsa laifin zai jawo a kore shi daga ƙasar, kuma laifin ƙwaya ko bindiga na cikin masu jawowa. Kotun shige da fice kuma ba ta bin wannan ƙa'ida ta watsi da hujja, in ban da keta haddi mai muni, tun hukuncin Lopez-Mendoza na 1984, don haka abin da aka cire a kotun laifi yana iya sake bayyana a can.